Kimiyya A Sauƙaƙe: Yadda Haske Ke Tona Asirin Farin Dutsen Litiyam

 

Yau da tambaya za mu fara. A ce kawunku ya dawo daga gona da wani farin dutse a aljihu, ya ajiye shi a kan tabarma ya ce, "Ku 'yan boko, ku duba mini wannan. An ce irinsa ake saye da tsada, wai da shi ake yin batirin waya." Me za ku ce masa?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. A 'yan shekarun nan neman dutsen litiyam ya kankama a jihohi irin su Nasarawa da Kogi da Kwara da Oyo da Kaduna, har a watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. Amma sau da yawa wanda ya sha wahalar haƙowa bai san abin da ke hannunsa ba, mai saye ne ke faɗin suna da farashi. Wani ya rabu da mai daraja a kuɗin banza, wani kuma ya zuba kuɗin nomansa a rami ya haƙo buhu-buhun dutsen da babu komai a ciki, ya yi wa rogo kallon kitse. Dalili kuwa shi ne fararen duwatsu suna da yawa, kuma ido kaɗai ba ya iya raba su. To ta yaya masana ke rabawa? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce su yanko dutsen siriri, su sa shi a ƙarƙashin maikiroskof, wato na'urar da muka fi sani da madubin likita, su bar haske ya ratsa shi. Abin da za mu bi daki-daki ke nan a yau.

Dutsen da ake nema

Litiyam shi ne na uku a jadawalin sinadaran da kuke haddacewa a darasin kemistiri, kuma babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi. Ba a samun sa tsagwaronsa a ƙasa, sai a haɗe da wasu sinadarai. A ƙasashen Chile da Ajantina ana tace shi daga ruwan gishirin da ke ƙarƙashin busassun tafkuna. A Ostireliya kuwa daga dutse ake samun sa, musamman a mahaƙar Greenbushes da ke yammacin ƙasar. Ma'adinin da ya fi muhimmanci a wannan ɓangare na dutse sunansa sifodumin, kuma a kemistiri ana rubuta shi LiAlSi2O6. Ma'ana ya ƙunshi litiyam da alminiyam da silikon da oksijin.

Wani masani ɗan ƙasar Brazil mai suna José Bonifácio de Andrada e Silva ne ya fara bayyana shi a shekarar 1800, daga duwatsun tsibirin Utö na ƙasar Suwidin. Wannan mutum daga baya ya shiga siyasa, ya zama ɗaya daga cikin jagororin samun 'yancin kan Brazil a 1822. Sunan ma'adinin daga harshen Girka ya fito, daga kalmar da ke nufin abin da ya ƙone ya zama toka, saboda launinsa na ruwan toka. A lokacin ba a ma san akwai wani abu wai shi litiyam ba. Sai a 1817 Johan August Arfwedson ya gano shi a cikin wani ma'adini na daban, fetalayit, wanda aka samo daga wannan tsibiri.

Sifodumin yana zama ne a cikin wani nau'in dutse da ake kira fegmatayit. Idan narkakken dutse yana sanyi a can ƙarƙashin ƙasa, ragowar da ke daskarewa a ƙarshe takan tara ruwa da sinadaran da sauran ma'adinai suka ƙi ɗauka, irin su litiyam. A cikin wannan ragowa ƙwayoyin ma'adinai kan samu damar girma sosai. A mahaƙar Etta da ke Jihar Dakota ta Kudu a Amurka an taɓa samun ƙwayar sifodumin guda ɗaya da tsawonta ya haura mita 14, ta fi motar safa tsawo.

Matsalar ita ce maƙwabtansa. A cikin fegmatayit akwai kwaz, wato farin dutsen ƙanƙarar nan da yashin rafi ya ƙunsa, akwai felsifa, akwai kuma maika mai ɓarewa falle-falle tana ƙyalli. Kwaz da felsifa su ma farare ne ko ruwan toka, kuma ba litiyam ake nema a cikinsu ba. Wanda ya goge yakan ji bambanci a hannu, don sifodumin ya fi su nauyi: ya ninka ruwa nauyi sau 3.1 zuwa 3.2, su kuwa wajen sau 2.6 ne. Amma idan ƙwayoyin ƙanana ne kuma a cakuɗe suke, hannu ba ya aiki. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.

Yadda ake mayar da dutse kamar gilashi

Haske ba ya ratsa dunƙulen dutse, don haka sai an siranta shi. Ana yanko ɗan guntu da zarto mai bakin lu'ulu'u, a goge fuska ɗaya ta yi sumul, a manna ta a kan ƙaramin gilashi da gam mai gaskiya, sannan a ci gaba da goge ɗaya fuskar da garin goge-goge har kaurin ya dawo milimita 0.03. Takardar littafin rubutunku ta kai wajen milimita 0.1, kun ga ke nan fallen dutsen bai wuce kashi ɗaya bisa uku na kaurinta ba. A wannan sirantaka yawancin ma'adinai haske na wuce su kamar gilashin taga.

Wani Bature ɗan birnin Sheffield na Ingila, Henry Clifton Sorby, shi ya fara amfani da wannan dabara wajen nazarin duwatsu a 1849. An yi masa dariya a lokacin, wai yana nazarin tsaunuka da madubin duba ƙananan abubuwa. Yau babu sashen ilimin duwatsu a jami'a da ba a koyar da aikinsa.

Ku riƙe lambar nan ta 0.03, don duk duniya ita aka amince a kai. Ɗalibin da ke Zariya da wanda ke Tokyo idan suka duba ma'adini iri ɗaya, abu ɗaya za su gani, saboda kaurin fallensu ɗaya ne.

Madubi mai rariya biyu

Maikiroskof ɗin masu nazarin duwatsu ya bambanta da wanda kuke duba fatar albasa da shi a darasin bayoloji. Faifan da ake ɗora gilashin a kai yana juyawa, kuma an zana masa digiri 360 a gefe. A inda ake sa ido akwai siraran layuka biyu da suka gicciye juna. Sannan akwai wasu matatai guda biyu da za mu kira rariyar haske, ɗaya a ƙasan faifan, ɗaya a sama.

Don mu fahimci aikin rariyar, ku ɗauka an ɗaure igiya a jikin bishiya, ta ratso tsakanin sandunan taga da ke tsaye, ku kuma kuna riƙe da ɗaya bakin. Idan kuka kaɗa ta sama da ƙasa, motsin zai wuce tsakanin sandunan. Idan kuka kaɗa ta hagu da dama, sandunan za su tare shi. Haske ma kaɗawa yake yi yana tafiya, kuma na fitila ko na rana yana kaɗawa ta kowace fuska. Rariyar ƙasa tana barin mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce. Rariyar sama kuwa an gicciye ta da ta ƙasa, don haka idan aka shigo da ita alhali babu komai a faifan, duhu za a gani ƙirin. Tun a 1828 William Nicol na ƙasar Sikotland ya ƙera irin wannan rariya ta farko.

Da waɗannan kayan aiki za mu kira shaidu huɗu, mu ji abin da kowane zai ce a kan dutsen kawu.

Shaida ta farko: tasowa

Za mu fara da rariyar ƙasa kaɗai. Abin da za mu fara lura da shi shi ne sifodumin ba shi da launi a wannan sirantaka. Kwaz da felsifa ma haka. Sai dai akwai bambancin da ido ke kamawa nan take: ƙwayar sifodumin tana da baƙin layi mai kauri a gefenta, fuskarta kamar da ɗan kaushi, sai ka ce ta taso sama da sauran. Kwaz da felsifa kuwa sun kwanta lamo, da ƙyar ake ganin iyakarsu. Alhali duk kaurinsu ɗaya.

Kun taɓa sa cokali a kofin ruwa kuka ga kamar ya karye? Abin da ke faruwa shi ne haske na rage gudu idan ya shiga ruwa, sai ya lanƙwasa. A sarari yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Kowane abu mai barin haske ya wuce yana da lambar da ke nuna yadda yake rage masa gudu, ita ce lambar lanƙwasa haske. Ta ruwa 1.33 ce, ta kwaz wajen 1.55, ta sifodumin kuwa wajen 1.66. Idan kuka raba 300,000 da 1.66 za ku ga cewa a cikin sifodumin haske ya dawo gudun kimanin kilomita 180,000 a daƙiƙa.

Gam ɗin da aka manna fallen da shi lambarsa wajen 1.54 ce. Kwaz da felsifa suna kusa da wannan lamba, don haka suke sajewa da shi, kamar yadda ƙanƙarar firji ke kusan ɓacewa a cikin kofin ruwa. Sifodumin ya yi wa gam ɗin nisa, haske na lanƙwasa sosai a bakin iyakarsa, shi ya sa yake fitowa fili. Akwai ma wata dabara da Friedrich Becke na ƙasar Ostiriya ya fito da ita a 1893: idan aka ɗan sauke faifan ƙasa, wani siririn layin haske da ke gefen ƙwayar zai matsa zuwa cikin wanda lambarsa ta fi girma. Tsakanin sifodumin da kwaz, cikin sifodumin layin zai shige.

Shaida ta biyu: layukan tsagewa

Duk wanda ya taɓa faskare ya san itace yana da hanyar da yake tsagewa cikin sauƙi, yana da wadda gatari ke shan wahala. Ma'adinai da yawa haka suke. Sifodumin ɗan gidan wasu ma'adinai ne da ake kira fairoksin, kuma abin da ya haɗa 'yan wannan gida shi ne silikon da oksijin ɗinsu sun jeru kamar dogayen sarƙoƙi, kowace ita kaɗai, suna kwance kusa da juna. Sarƙar tana da ƙarfi, amma abin da ya riƙe wata da wata bai kai ta ƙarfi ba. Don haka idan dutsen zai tsage, tsakanin sarƙoƙin yake bi.

A madubi wannan yana bayyana a matsayin siraran layuka. Idan an yanki ƙwayar ta tsawonta, za mu ga layuka miƙaƙƙu a jere ba sa haɗuwa, kamar na littafin rubutu. Idan an yanke ta a gicciye, za mu ga jeri biyu na layuka sun sare juna kamar takardar giraf, a kusurwar digiri 87 ta wani gefe da 93 ta ɗaya gefen. Wannan kusurwa tambarin gidan fairoksin ce. Wani gidan mai kama da su, amfibol, sarƙoƙinsa bibbiyu ne a haɗe, kusurwarsa kuma digiri 56 da 124 ce. Kwaz ba shi da layin tsagewa ko ɗaya, idan ya fashe kamar kwalba yake fashewa.

Nan ne wani zai yi gaggawar yanke hukunci. Amma felsifa ma tana da jeri biyu na tsagewa da ke haɗuwa a wajen digiri 90. Wanda ya tsaya a kan wannan shaida kaɗai zai iya sayen felsifa da sunan sifodumin. Sai an haɗa da shaida ta farko: felsifa ba ta tasowa.

Shaida ta uku: launukan da ba na dutsen ba

Yanzu sai mu shigo da rariyar sama. Mun ce da babu komai a faifan da duhu za a gani. Amma da fallen dutse a tsakani, sai fili ya cika da launuka. Ɗalibai da yawa a nan suke fara son wannan fanni.

A 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Rasmus Bartholin, ya ɗora wani ma'adini mai gaskiya da aka kawo daga tsibirin Iceland a kan rubutu, sai ya ga kowane harafi ya zama biyu. Abin da ya gano shi ne wasu ma'adinai suna raba hasken da ya shige su gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya gudu. Sifodumin da kwaz da felsifa duk suna yin haka, sai dai ƙarfin rabawar ya bambanta. Kamar 'yan tsere biyu ne da suka tashi tare: kafin su fita daga fallen, ɗaya ya ba ɗaya rata. Idan suka isa rariyar sama sai ta haɗe su, kuma gwargwadon ratar wasu launukan da ke cikin farin haske su kashe juna, wasu su ƙarfafa juna. Abin da ya rage shi ne launin da muke gani. Irin wannan karon na haske ne ke kawo launukan da kuke gani a kumfar sabulu, ko idan baƙin mai ya zuba a kan ruwa.

Ana iya lissafa ratar. Kaurin falle milimita 0.03 daidai yake da nanomita 30,000, don milimita ɗaya tana da nanomita miliyan ɗaya. Ƙarfin raba haske na kwaz 0.009 ne. Ku ninka 30,000 da 0.009, za ku samu nanomita 270, kuma wannan rata launin fari mai ruwan toka take bayarwa. Felsifa ma a nan kusa take, sau da yawa da zane-zanen fari da baƙi kamar jikin jakin dawa. Na sifodumin kuwa yakan kama daga 0.014 zuwa 0.027. Idan muka ɗauki 0.016, ratar ta zama nanomita 480, launin ruwan lemo ke nan. Don haka a tsakiyar toka-tokar kwaz da felsifa, sifodumin zai fito da rawaya ko ruwan lemo ko ja, wani lokaci har shuɗi. Akwai wani jadawalin launuka da Bafaranshe Auguste Michel-Lévy ya wallafa a 1888, wanda har gobe ake manna shi a bangon ɗakunan gwaji don karanta waɗannan launuka.

Hattara guda: launin ya danganta da fuskar da zarto ya bi ta cikin ƙwayar. Ƙwayoyin sifodumin biyu a falle ɗaya, wata na iya fitowa ja, wata ruwan toka. Don haka ana duba ƙwayoyi da yawa, a ɗauki launi mafi girma a jadawalin.

Shaida ta huɗu: kusurwar duhu

Har yanzu rariya biyun suna gicciye. Mu juya faifan a hankali muna kallon ƙwaya ɗaya. Launinta zai dushe har ta yi baƙi, sannan ta sake haske. A zagaye ɗaya cikakke sau huɗu za ta yi duhu, wato bayan kowane digiri 90. Abin tambaya shi ne: lokacin da ta yi duhun, ina layukan tsagewarta suka fuskanta?

Ga yadda ake aunawa. A nemi ƙwayar da aka yanka ta tsawo, a juya faifan har layukan tsagewarta su yi daidai da layin tsaye da ke inda ake sa ido, a karanta lambar faifan. A ce 112 ce. Sai a juya har ƙwayar ta yi duhu, a sake karantawa. A ce 136 ce. Bambancin digiri 24 ne. Da ta ɗaya ɓangaren aka juya, da 66 za a samu, don haka ƙaramar ake ɗauka. Ana maimaitawa a kan ƙwayoyi da dama, a riƙe mafi girma daga cikin abin da aka samu.

Maika tana yin duhu ne kusan daidai lokacin da layukanta suka miƙe da layin madubi, kusurwarta kusan sifili. Fitattun 'yan gidan fairoksin irin su ojayit da dayofsayid kusurwarsu na kaiwa digiri 35 zuwa 48. Sifodumin kuwa tasa na tsayawa a wajen digiri 20 zuwa 27. Wannan shaida ce ke raba shi da 'yan'uwansa na gida ɗaya, waɗanda suka yi tarayya da shi a tasowa da kusurwar tsagewa.

Idan shaidu suka haɗu

Mu tattara. Ƙwaya marar launi, mai tasowa sosai, mai tsagewa a digiri 87 da 93, mai launin rawaya zuwa ja a tsakanin rariya biyu, mai yin duhu a wajen digiri 24, kuma tana zaune da kwaz da felsifa da maika a cikin fegmatayit: wannan sifodumin ce. Kun lura babu shaida ɗaya da ta isa ita kaɗai. Felsifa ta yi kama da shi a tsagewa, maika tana da launuka masu haske, ojayit yana tasowa. Haɗuwar shaidun ce ke ba da tabbaci. Masana ma sukan ƙara da wani gwajin ta hanyar shigo da ƙarin gilasai a madubin, amma wannan sai kun je jami'a.

Wataƙila kun ji masu harkar ma'adinai suna ambaton kunzayit. Asalinsa sifodumin ne mai gaskiya, mai launin ruwan hoda saboda ɗan sinadarin manganis da ya shiga cikinsa, kuma ana yin kayan ado da shi. An same shi a Kalifoniya a 1902, aka sa masa sunan masanin duwatsun ado George Frederick Kunz. Akwai kuma kore, hidenayit, wanda sinadarin kiromiyam ya rina. Waɗannan idan aka juya su a hannu launinsu na ƙara ƙarfi ta wata fuska ya dushe ta wata, kamar hawainiya. A falle mai kaurin 0.03 kuwa launin ɓacewa yake yi.

Abin da ya shafi aljihu

Madubin ba suna kaɗai yake faɗa ba. Sifodumin yakan lalace idan ruwa ya daɗe yana ratsa shi, ya rikiɗe zuwa yumɓu ko ƙananan ƙwayoyin maika da felsifa, litiyam ɗin ya zurare. Daga waje dutsen na iya riƙe siffarsa, amma a falle za a ga gefen ƙwayar da layukan tsagewarta sun ciye kamar itacen da gara ta shiga. Haka nan madubin na nuna girman ƙwayoyin da yadda suka sarƙe da kwaz, kuma da wannan masana'anta ke sanin laushin niƙan da za ta yi kafin ta iya raba su.

Ana kuma iya ƙiyasin yawa. Tsantsar sifodumin tana ɗauke da litiyam oksayid kimanin kashi 8 cikin ɗari. Idan kashi 20 cikin ɗari na nauyin dutse sifodumin ne, to litiyam oksayid ɗinsa 0.2 sau 8, wato kashi 1.6 cikin ɗari. A kasuwar duniya ma'aunin da aka saba ciniki da shi shi ne tataccen gari mai kashi 6 cikin ɗari, wanda kusan kashi uku bisa huɗunsa sifodumin ne. Daga nan sai a gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyas don tsarinsa ya buɗe, kafin a fitar da litiyam ɗin da asid. Ainihin adadin da ke cikin samfuri kuwa gwajin kemistiri ne ke tabbatar da shi. Hukumar binciken albarkatun ƙarƙashin ƙasa ta Najeriya tana da babban ɗakin gwaji a Kaduna. Amsar da za ku ba kawu ke nan: kada ya sayar, kada kuma ya kashe kuɗin haƙa, sai an gwada.

Ku gwada a gida

Ba sai kuna da maikiroskof za ku ga aikin rariyar haske ba. Allon kwamfutar tafi-da-gidanka ko na talabijin na LCD yana fitar da hasken da aka riga aka tace ta fuska ɗaya. Ku buɗe farin shafi a allon, ku nemi tabarau na rana mai rariyar haske, don ba kowane baƙin tabarau ke da ita ba. Ku riƙe shi a gaban allon kuna juyawa. Idan na gaske ne, a wani wuri allon zai yi duhu, kun gicciye rariya biyu ke nan. Yanzu ku sa rula ta roba mai gaskiya a tsakaninsu, ko ku manna salatif falle-falle a kan juna a jikin farar leda ku sa. Launuka za su bayyana, kuma inda salatif ya fi kauri launin zai canza. Wannan ita ce shaida ta uku da idonku.

A ƙarshen 2024 rahotannin manema labarai sun nuna yara 'yan shekarun makaranta suna fasa dutse da tsince shi a wuraren haƙar litiyam a wasu ƙauyukan Nasarawa. Ramukan kan rufta, ƙurar kwaz kuma idan ta taru a huhu tana jawo ciwon da ba ya warkewa. Mun san talauci ne ke tura da yawa, kuma mun san wasu daga cikinku ana jan ra'ayinsu. Amma ku duba wanda ke yanke farashi a wannan harka: wanda ya san abin da ke cikin dutsen ne. Ana koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Jami'ar Jos da Jami'ar Maiduguri da wasunsu, kuma hanyar zuwa can ta cikin darussan fiziks da kemistiri da lissafin da kuke yi yanzu ta bi.

Tambayoyin mako

Na ɗaya: dutse mai nauyin kilo 50, kashi 15 cikin ɗari nasa sifodumin ne. Kilo nawa na litiyam oksayid ke ciki?

Na biyu: wani ma'adini ƙarfin raba haskensa 0.012 ne. Nanomita nawa ce ratar a falle mai kaurin milimita 0.03?

Na uku: ɗaliba ta karanta 47 a faifai lokacin da layukan tsagewa suka miƙe, ta karanta 89 lokacin da ƙwayar ta yi duhu. Sifodumin ce? Ku kawo dalili.

Ku yi aikin a littafinku ku nuna wa malamin fiziks ko na kemistiri. Amsoshi na nan tafe a fitowa ta gaba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.